Yadda ake haɗa ɗalibai 'yan sa kai da tsofaffi don kula da lafiyarsu

Duk wanda ya taɓa zama da tsoho na awa ɗaya cur, ba irin gaisuwar tsaye ɗin nan ba, zama na gaske, ya san cewa da yawansu abin da ya fi yi musu ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna ya saurare su. 'Ya'ya sun watse neman na kansu, jikoki na makaranta, abokan da aka taso tare sun riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, kunne ya yi nauyi, sai kaga mutumin da a da ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya yanzu ya wuni a kujera ɗaya tun safe har dare. Gefe guda kuma ga ɗalibai nan maƙil a makarantu, masu karatun likita da nas da haɗa magunguna, har da waɗanda ba ruwansu da fannin lafiya, ga ƙarfi ga awa ɗaya ko biyu a sati da za su iya bayarwa. Toh haɗa waɗannan biyun shi ne abin da nake son in yi bayanin yadda ake yinsa, don na ga inda aka yi shi ya yi kyau sosai, na kuma ga inda aka yi shi cikin gaggawa aka bar tsofaffi da ɓacin ran da ba su da shi a da.

Kar wani ya ɗauka maganar kaɗaici ƙaramar magana ce fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan tsoho ɗaya cikin huɗu yana rayuwa ne a ware ba tare da cuɗanya da mutane ba, kuma a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa rashin hulɗa da mutane na iya gajarta kwana kwatankwacin shan taba kara 15 a rana. Birtaniya har minista ta naɗa kan kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Kuma tsofaffin ƙaruwa suke yi: a 2020 mutum biliyan 1 ne suka kai shekara 60 ko suka haura, ana sa ran su kai biliyan 2.1 a 2050. Asibitoci ba za su iya bin kowa gida ba, shi ya sa ɗalibin da zai dinga leƙowa duk sati yana da rana.

Ku fara da tsofaffin tukuna

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara ɗalibai, a buga riguna, a ɗau hotuna, sannan a fara neman tsofaffin da za a "taimaka" wa. Ku juya abin. Ku samu mutum goma ko sha biyar daga cikin waɗanda kuke son yin shirin dominsu, ku zauna da kowa shi kaɗai ku tambaye shi me ya fi damunsa a sati, wace rana ce ta fi yi masa tsawo, me yake yi a da da yanzu ya daina, kuma in da za a ba shi matashi na awa ɗaya me zai so su yi tare. Amsoshin za su ba ku mamaki wallahi. Wani zai ce shi dai a karanta masa rubutun jikin kwalin maganinsa don ƙanana ne ba ya gani, wata za ta ce tana son fita ta ɗan taka amma tsoron faɗuwa take yi tun da ta zame a banɗaki, wani kuwa zai ce ba ya buƙatar komai, in kun ɗan jima sai ya fara ba ku labarin aikin da ya yi shekara talatin ya ƙi tsayawa, kun ga ai ya faɗa muku abin da yake buƙata ke nan.

Wanda ya ce ba ya so a ƙyale shi. Ko da 'ya'yansa ne suka kawo sunansa, yardarsa ita ce gaba da komai, sai dai in cutar mantuwa ta yi nisa har ba zai iya yanke shawara ba, nan sai a koma ga wanda ke kula da shi. Amma ko ya yarda, ku sanar da iyalansa, ku karɓi lambar mutum biyu da za a kira in wani abu ya taso, ku rubuta cututtukan da aka san yana da su da asibitin da yake zuwa.

Sai mutum biyu da shirin ba zai tsaya ba sai da su. Na farko mai kula da shirin, mutum ɗaya tak da kowa ya san sunansa da lambarsa, ba kwamiti ba, domin in tsohuwa na da ƙorafi ta san wa za ta kira. Na biyu ma'aikacin lafiya na gaske, nas ko likita ko mai haɗa magunguna, wanda ya amince ɗalibai su dinga kiransa da tambaya. In ba ku samu na biyun nan ba ku tsaya a kan hira da rakiya kawai, kar ku taɓa maganar awon jini ko magani.

Kuma ku fara da kaɗan. Tsofaffi takwas zuwa goma sun isa a zagayen farko, na wata uku.

Zaɓen ɗalibai, da maganar cika alkawari

Nan ne zan daɗe, don nan ne abin ke gyaruwa ko ya lalace. Ranar da kuka yi sanarwa ɗalibai za su zo da yawa, kowa da zumuɗinsa, amma zumuɗi ba ya kai sati huɗu. Abin da kuke nema shi ne wanda zai ce ranar Laraba ƙarfe huɗu, kuma ranar Laraba ƙarfe huɗu a gan shi a bakin ƙofa, sati bayan sati. Ɗalibi mai shiru-shiru da ba ya fashi ya fi mai iya magana da ke zuwa in ya ga dama sau goma.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. A zagayenmu na farko ba mu duba jadawalin jarabawa ba, sati na bakwai jarabawa ta kama, ɗalibai suka ɓace ba sallama. Na bi gidajen don in ba da haƙuri, na iske shi zaune a bakin ƙofa ya yi wanka ya sa kaya masu kyau, sandarsa a jingine, ya ajiye kujera ta biyu a gefensa ya goge ta. Awa biyu ke nan da wucewar lokacin. Da ya gan ni bai yi faɗa ba, cewa ya yi "Lafiya dai yaron nan yake ko? Na ɗauka ko ciwo ya kama shi." Sati uku ke nan yana yin haka duk ranar. Daga ranar muka sa doka, kuma ita nake ba kowa shawara: tun ranar farko a ɗauko kalandar makaranta a zauna da tsohon a nuna masa satin jarabawa da satin hutu, a gaya masa waɗannan ranakun ba za a zo ba amma za a kira a waya, kuma duk ɗalibin da wani uzuri ya taso masa ya kira tun da safe, kira da murya, ba saƙon tes ba, don da yawansu ba sa iya karanta saƙo.

Hanya mafi sauƙi ta toshe wannan ɓaraka ita ce a ba kowane tsoho ɗalibai biyu. In ɗaya bai samu dama ba ɗayan ya je, sannan zuwa su biyu kariya ce ga tsohon da su kansu ɗaliban, in wani abu ya ɓata ko aka yi zargi akwai shaida, in kuma tsohon ya faɗi ɗaya ya tsaya da shi ɗaya ya nemo taimako. Amma kar a dinga canza fuskoki, su biyun nan dai su ne har ƙarshe. Tsoho ba ya sakin jiki da sabuwar fuska duk sati, kuma amfanin ɗalibin ta fuskar lafiya ya dogara ne da sanin da ya yi wa mutumin, sai wanda ya san yadda Baba yake tafiya a sati biyar da suka wuce ne zai lura yau yana jan ƙafa.

Ku yi wa kowane ɗalibi 'yar ganawa ta minti goma, ku nemi malami ɗaya da zai tsaya masa. In 'yan sakandare ne da ba su kai 18 ba, kar a tura su gidaje, a yi haɗuwar a wuri ɗaya a gaban manya, da izinin iyayensu.

Wajen haɗawa ku duba nisa da farko, ɗalibin da sai ya hau mota biyu kafin ya isa ba zai jure ba komai kyan niyyarsa. Sai yare, su zama suna jin juna ba tafinta. Sai a tambayi tsohon ko namiji yake so ko mace, a kuma bi abin da ya ce. In da hali a haɗa masu sha'awar abu ɗaya, tsohon makaniki da ɗalibin injiniya, tsohuwar malamar makaranta da mai karatun koyarwa, hira ba za ta yanke musu ba.

Horon kwana ɗaya

Kwana ɗaya ya isa in an yi shi da kyau, kuma a yi shi a aikace, wannan ya zama tsoho wannan ya zama baƙo su gwada. Abu na farko magana. Fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura 60 suna da matsalar ji mai hana su walwala, amma ɗaga murya ba ya gyara komai, ihu ma ɓata kalmomin yake yi. A kashe rediyo ko talabijin, a zauna gaba da gaba inda haske ke faɗo wa fuskarka don ya ga leɓenka, a yi magana a hankali, in bai ji ba a sake faɗa da wasu kalmomin daban. Kuma don Allah a daina yi wa tsoho magana kamar jariri, mutumin da ya riƙe gida ya riƙe aiki shekara arba'in yana gane raini ko da an lulluɓe shi da tausayi. A tambaye shi yadda yake so a kira shi, in Baba ne Baba, in Malam ne Malam, in Mama ce ko Kaka haka nan.

Na biyu iyaka. Ɗalibi ba likita ba ne ko da ajin ƙarshe yake a makarantar likitanci. Ba ya rubuta magani, ba ya cewa a daina wani ko a ƙara wani, ba ya yin allura, ba ya kawo wani haɗi da ya gani a intanet. Aikinsa ya gani, ya rubuta, ya faɗa wa wanda ya dace. Ba karɓar kuɗi, ba ba da rance, ba riƙe katin banki ko lambar sirri ko da tsohon ne ya roƙa. Ba ɗaukar hoto a sa a Facebook ko TikTok, wannan kam a tsananta, na tsani in ga an mai da fuskar tsohuwa abin neman yabo. Abin da aka ji a ɗaki ya tsaya a ɗaki, sai dai abin da ya shafi rai ko cutarwa, shi kuma mai kula da shirin kaɗai ake kai wa. Sannan duk ranar da ɗalibi ke mura ko tari ko zazzaɓi ya zauna a gida ya buga waya, murar da za ta bar shi cikin kwana uku tana iya kwantar da ɗan shekara 80 a asibiti. A wanke hannu da isowa.

Na uku alamomin da ba a jira. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, shanyewar ɓarin jiki ce har sai likita ya ce ba ita ba ce, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara a garzaya asibiti, domin maganin da ke narkar da gudan jinin a cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, kuma kar a ba shi ruwa ko abinci ko ƙwaya don yana iya shaƙewa. Ciwon ƙirji mai danna mutum, numfashi sama-sama, suma, duk asibiti ne nan take. Mai ciwon suga in ya fara gumi da karkarwa da ruɗewa, in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi, in ya fita hayyacinsa kar a zuba masa komai a baki. Sai wani da mutane ba su cika sani ba: tsohon da jiya lafiya lau yake hira yau ya rikice bai san inda yake ba, kar a ce ai tsufa ne, sau da yawa ciwon mafitsara ko na huhu a jikin tsoho haka yake fitowa ko zazzaɓi babu, ranar ya kamata likita ya gan shi. In kuma an iske shi a ƙasa ya faɗi kar a yi saurin cicciɓarsa, a tambaye shi ina ke ciwo, in ƙugu ne ko wuya ko ya bugu a kai a bar shi yadda yake a rufa masa wani abu a kira taimako.

Me za a yi in an je

Ziyarar farko mai kula da shirin ya raka su, ya gabatar da su, a yi hira kawai a tashi. Ba fom, ba na'ura. Sati na biyu ma haka. Daga na uku sai a fara shigo da sauran a hankali.

Motsa jiki shi ne inda ɗalibi ya fi amfani, don yawancin tsofaffi sun san ya kamata su motsa, wanda za su dafa ne babu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da ƙarfafa tsoka kwana biyu, sannan ga wanda ya kai 65 a ƙara da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a sati. Kar wannan lissafin ya tsorata kowa, wanda ya shekara a zaune minti biyar ma farawa ce. A samu kujera mai ƙarfi a jingina ta da bango, ya tashi ya zauna sau biyar, in ya saba a kai takwas, a kai goma. Ya dafa bayan kujerar ya ɗaga dunduniya ya sauke. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaban ɗaya yana dafe. Sai tafiya, gwargwadon yadda zai iya magana yana takawa ba tare da haki ya hana shi ba, ɗalibin yana gefensa ɗan baya kaɗan. Jiri ko ciwon ƙirji ko haki mai yawa, a tsaya. Wanda ke da ciwon zuciya ko bai daɗe da faɗuwa ko tiyata ba sai likitansa ya amince tukuna.

Wani abin lura, da yawa in ka ce "Baba mu yi motsa jiki" zai ce gwiwarsa. In ka ce "Baba zo ka nuna min bishiyar nan da ka ce kai ka shuka" sai kaga ya laluɓo sanda. A ba tafiyar dalili.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan ƙafa da tsayuwa shi ne faɗuwa. Kusan mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara a duniya sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki, wanda ya tsira da karayar ƙugu kuma sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Don haka wata rana a ware ziyarar a zaga gidan tare da shi, da izininsa: wayar lantarki da ta gitta hanya, bakin shimfiɗa da ya naɗe, banɗaki mai santsi ba abin dafawa, hanyar da yake bi da dare in fitsari ya tashe shi akwai haske ko babu, silifas ɗin da ƙasansa ya cinye, robar ƙasan sandarsa ta nan ko ta fita. Ɗalibi ya rubuta a ba iyalan gidan, kar ya kama matsar da kaya da kansa, mai raunin gani da hadda yake sanin inda komai yake.

Sai magani. Tsoho da yawa yana shan iri biyar ko fiye a rana, daga likitoci daban-daban da ba su san da juna ba. Abin da ɗalibi zai yi shi ne ya roƙa a fito da duka, har da wanda aka saya ba takardar likita, a baje a tebur ya rubuta suna da ƙarfin kowanne da lokacin sha, da manyan baƙaƙe. Wata ɗalibarmu ta yi haka da wata tsohuwa da ke ta kukan jiri duk ta miƙe tsaye. Tsohuwar ta juye jakar leda a kan tebur, ɗalibar tana jerawa sai ta ga kwali biyu, ɗaya fari ɗaya shuɗi, sunan kamfani daban amma ƙaramin rubutun ƙasa iri ɗaya ne sak, maganin hawan jini ɗaya take sha ninki biyu kullum tana zaton biyu ne daban. Yarinyar ba ta ce a daina ba, cewa ta yi "Mama bari in tambayo mana," ta ɗau hoton kwalayen kaɗai ta tura wa nas ɗin shirin, kafin yamma an kira ɗanta an kai ta wajen likitanta an gyara. Haka ake so, ido ya gani, baki ya kai wa mai ilimin abin.

In shirinku na da na'urar awon hawan jini kuma ma'aikacin lafiyar ya koya musu, a yi shi daidai ko a bari. Ya zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya a rubuta. In ana ta samun 140/90 ko sama a ranaku daban-daban a sanar. In ya kai 180/120 ga ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko gani ya dushe, asibiti kai tsaye.

Ƙananan abubuwa ma a sa musu ido. Ƙishirwa tana raguwa da tsufa, mutum na iya bushewa bai ji yana son ruwa ba, balle lokacin zafi, sai a zuba kofi biyu a sha tare, sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Kaya sun fara yi masa yawa? Abincin jiya na nan ba a taɓa ba? Mai ciwon suga akwai gyambo a ƙafa da bai ji ba? Mai son hira ya koma shiru, ya daina wanka, yana cewa shi ya gaji da duniya? Ciwon damuwa yana kama tsofaffi kuma yana da magani, a faɗa wa mai kula da shirin. Waya ma babban aiki ce, a ƙara girman rubutu, a sa lambobin gaggawa a gaba, a saita ƙararrawar shan magani, a koya masa kiran bidiyo da jikoki, kuma a ja masa kunne kan masu kira su ce daga banki suke a ba su lamba. A bar wayar a hannunsa shi ya danna, ko zai yi sau goma, in ka karɓa ka yi masa bai koyi komai ba.

Shi ma tsohon ya bayar

Ba mai son ya zama kullum shi ake yi wa. A kowace ziyara a bar wani lokaci da tsohon ne malami, ya koyar da sana'arsa, ko ɗinki, ko lissafi, ko tarihin da ya gani da idonsa, ko ya duba wa ɗalibin takardar neman aiki. A garin Deventer na ƙasar Holan akwai gidan kula da tsofaffi mai suna Humanitas da ke ba ɗaliban jami'a ɗaki kyauta, su kuma su ba da awa 30 a wata suna zama da tsofaffin a matsayin maƙwabta, ana kallon ƙwallo tare ana hira ana koya wa juna abubuwa, kowa na da abin da yake samu shi ya sa abin ya ɗore. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kan wariyar shekaru ya ce rabin mutanen duniya na yi wa tsofaffi kallon raini, ya kuma lissafa cuɗanyar matasa da tsofaffi cikin hanyoyi uku da aka tabbatar suna rage hakan. Ɗalibin likitan da ya shafe wata uku yana sauraron mutum ɗaya, gobe in tsoho ya shigo ofishinsa ba zai yi magana da ɗan rakiya ya manta da mai ciwon ba.

Kowane tsoho a ajiye masa ɗan littafi a gidansa, duk zuwa a rubuta kwanan wata, abin da aka yi, abin da aka lura, layi uku sun isa. Sau ɗaya a wata ɗalibai su haɗu da mai kula da shirin da ma'aikacin lafiyar a tattauna, shi kuma mai kula da shirin ya dinga kiran tsofaffin shi kaɗai yana tambaya ko suna jin daɗin yaran, don ba za su faɗi laifinsu a gabansu ba. In haɗin bai yi ba a canza cikin mutunci, jini ne wani lokaci ba ya haɗuwa. Don ku san ko ana ci gaba, akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a farko da ƙarshe: ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo, ɗalibi na kusa da shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, na ɗaukar daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa, wanda ya kai haka a nema masa ganin likitan fisiyo, wato mai gyaran motsin gaɓoɓi ta hanyar atisaye.

Abu biyu masu nauyi da dole a shirya musu. Ɗaya cin zarafi, kusan tsoho ɗaya cikin shida na fuskantarsa a shekara, kuma galibi daga na kusa ne. In ɗalibi ya ga tabon duka, ko tsohon na firgita in wani ya shigo, ko ana barinsa cikin ƙazanta, ko ana cinye masa fansho, kar ya tunkari kowa, ya rubuta abin da ya gani da abin da aka faɗa masa yadda aka faɗa, ya kai wa mai kula da shirin a ranar, shi ya san hukumar da za a kai wa. Na biyu mutuwa. In shirin ya daɗe za a yi rashi, kuma ɗan shekara 20 da ya shaƙu da mutum zai ji abin har ransa. A kira shi a gaya masa da baki kafin ya gani a gurup, a raka shi ta'aziyya, a bar shi ya huta kafin a ba shi wani.

In zagayen ya zo ƙarshe a sanar da tsohon tun saura sati uku, ana tuna masa duk zuwa. Ɗalibin da zai ci gaba da zumunci don kansa ya ci gaba, wanda ba zai iya ba kar ya ce "zan dinga leƙowa" don kawai ya ji daɗin rabuwa, ya yi sallama ta gaskiya. In akwai sababbin da za su karɓa, ɗaliban da za su tafi su kawo su da kansu a ziyara biyu na ƙarshe, a zauna su biyar, a buɗe littafin nan a gaban Baba a karanta musu wane kunne ne ya fi ji da shi, wace gwiwa ce ke ciwo, ƙarfe nawa yake barcin rana, sannan a sake ɗauko kalandar makaranta a zagaye satin jarabawa da jan biro.